Babi na Shida: Shekara 22 a Cikin Motar 1928

Mai shirin ratsa nahiyar Amurka da mota, daga kudu zuwa arewa, a gareji yake fara tafiyarsa. Zai sayi ƙaramar bas, ya cire kujerun baya, ya kira kafinta ya kafa masa gado mai naɗewa da akwatunan ajiya a ƙarƙashi. A ɗora farantin sola a kan rufi, a ƙara batir na biyu saboda fitila da firji, a ɗaura tankin ruwa, a kafa risho kusa da ƙofa yadda zafi zai samu hanyar fita. Akwai ma'auratan da kan shafe shekara biyu ko uku suna tara kuɗi suna wannan haɗi kafin su tayar da mota.

Al'adar ta daɗe. A 1950 kamfanin Volkswagen ya fara ƙera bas ɗin nan da aka fi sani da Kombi, shekara guda bayan haka wani kamfanin Jamus mai suna Westfalia ya fara sa mata kayan kwana da na girki. A Birazil ba a daina ƙera Kombi ba sai ƙarshen 2013, shi ya sa har gobe tana cikin motocin da matasan Kudancin Amurka suka fi zaɓa idan sun ƙudurta zuwa Alaska.

Herman Zapp da matarsa Candelaria, mutanen Ajantina, ko rabin wannan shiri ba su yi ba. Ranar 25 ga Janairun 2000 suka bar Buenos Aires, shi yana da shekara 31, ita tana da 29. Guzurinsu dala 4,000, niyyarsu su isa Alaska cikin wata shida, su dawo gida su ci gaba da harkokinsu. Motar da suka hau kuwa shekararta 72 da ƙerawa: Graham-Paige ce ta 1928, mai ƙafafun katako, ba rediyo, ba na'urar sanyaya ciki. Sai da suka shekara 22 kafin su ce sun gama. A tsakani sun shiga ƙasashe 102, sun ci kilomita 362,000, sun haifi 'ya'ya huɗu, kowanne a ƙasa daban.

Dala 4,000 ba za ta iya wannan aiki ba, tsohon injin ma haka. Wanda ya bi labarin daki-daki zai tarar cewa mutanen hanya ne suka ɗauki nauyin tafiyar, kuma jinkirin motar da ƙarewar kuɗin su ne suka kai ma'auratan ƙofar gidajen waɗannan mutane.

Motar da ta zo a bayan janwe

Tun suna yara suka san juna, shi yana ɗan shekara 10, ita tana 'yar 8. Sun daɗe suna soyayya kafin aure, kuma tun a lokacin suka yi wa juna alkawarin doguwar tafiya. Shekara shida bayan aure, alkawarin yana nan a fatar baki. Yau aiki, gobe hidimar gida, jibi tsoron barin abin da aka saba. Maganar haihuwa ce ta zaburar da su. Sun ga cewa da zarar 'ya'ya sun fara zuwa, tafiya ta sha ruwa, saboda haka suka tsayar da rana.

Da farko jaka suka yi niyyar goyawa su riƙa shiga motocin haya. Saura 'yan watanni su tashi, aka yi wa Herman tallar wata tsohuwar mota. Ya je gani, ta kwanta masa a rai, ya saya. A bayan janwe aka kawo ta gida domin ba ta tashi. Shi ba bakanike ba ne, abin da ya sani game da injin kaɗan ne. 'Yan uwa da abokai suka yi ta ba su baki cewa wannan ganganci ne.

Masu ba da bakin suna da hujja. Kamfanin Graham-Paige na wasu 'yan uwa uku ne, Joseph da Robert da Ray Graham, waɗanda suka sayi wata masana'antar motoci a birnin Detroit a 1927. Motocin farko masu wannan suna sun fito a 1928, kuma tun 1940 kamfanin ya daina ƙera mota. Ke nan babu shagon da matafiyi zai shiga ya ce a ba shi kayan gyaranta. To amma tsufan yana da nasa amfani. Injin ne mai silinda shida, da kafireto, da fulogogi, da lagireto, babu kwamfuta a cikinsa. Duk bakaniken ƙauyen da ya saba da tarakta ko tsohuwar babbar mota, idan ya buɗe bonet zai gane abin da yake kallo. Abin da ba a samu a kasuwa ba, maƙeri ko mai walda ko kafinta zai iya ƙera shi.

Ƙafafun su ne abin kallo. Kowace ƙafa tana da sandunan itace da suka taso daga cibiya suka tokare da'irar ƙarfen da taya ke zaune a kai. Idan iska ta bushe, itacen ya tsuke, sandunan su yi sako-sako, ƙafa ta fara kuka tana karkaɗawa. Masu irin waɗannan motoci sun san maganin gaggawa: a jiƙa itacen da ruwa har ya kumbura ya cika gurbinsa. Tun ranar farko matsala ta kunno kai. Ba su yi wani nisa da Buenos Aires ba suka tsaya neman mai gyara. Da waɗannan ƙafafu suka nufi Atacama, ɗaya daga cikin hamadun da suka fi bushewa a duniya.

Ga kuma rashin gudu. Abin da motar ke yi a kan shimfiɗaɗɗiyar kwalta bai wuce kilomita 50 zuwa 60 a awa ba. Tafiyar da motar zamani za ta cinye kafin azahar, su sai sun yini sun kwana. Sannu ba ta hana zuwa, amma tana sauya wurin da dare zai riski mutum. Mai gudu daga babban birni yake faɗawa babban birni, daga otal zuwa otal. Su kuwa dare kan same su a ƙananan garuruwan da baƙi ba sa tsayawa. Da sun faka a bakin kasuwa ko gidan mai, jama'a ta taru. Yara su shafa fitilu, tsofaffi su tuna motar da suka gani suna ƙanana, wani ya tambayi inda suka fito da inda za su. Kafin a watse, galibi an samu wanda ya ce su zo gidansa su ci abinci.

Ranar da guzuri ya ƙare

Sun haura tsaunukan Andes zuwa Chile, suka yi arewa ta cikin hamada, suka shiga Bolibiya da Peru. A yankin tafkin Titicaca ƙasa ta haura mita 3,800 sama da teku. A irin wannan tudu iska ba ta da kauri, injin mai kafireto ya kan rasa ƙarfi, ruwa kuma ya tafasa tun bai kai zafin da ya saba ba. Hawa ya koma rarrafe a ƙaramar giya, ido ɗaya a kan hanya, ɗaya a kan lagireto.

A Ekwado ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Watannin da suka ɗiba sun tafi, kuɗi sun ƙare, Alaska kuwa ko ƙamshinta ba a fara ji ba. Ƙasar ma kanta tana cikin tsaka mai wuya. Bankunanta sun durƙushe a 1999, a 2000 gwamnati ta jingine kuɗin ƙasar, sucre, ta rungumi dalar Amurka a kan sucre 25,000 kowace dala ɗaya. 'Yan ƙasa na ficewa neman abinci a Sifen da Amurka, ina ga baƙo mai neman aiki.

Candelaria ta ɗauki fentin ruwa ta fara zana tsuntsayen da take gani a yankin. Ba sana'arta ba ce da. Herman ya haɗa wa zanen firam na katako ya fita talla. Abin da aka samu ya sayi fetur da abinci, aka ƙara gaba. Daga baya suka haɗa da katunan hotunan tafiyarsu da 'yan kayan hannu.

Herman ya sha faɗa a hirarraki cewa ƙarewar kuɗin nan tana cikin mafi alherin abin da ya same su, kuma ba wuya a gane dalilinsa. Matafiyi mai kuɗi yakan biya ɗaki ya rufe ƙofa, ya biya bakanike ya karɓi makulli, ya bar gari bai san sunan kowa ba. Wanda aljihunsa ya bushe dole ya yi sallama, ya faɗi ko shi wane ne, ya nuna abin da yake sayarwa, ya karɓi abin da aka ba shi da hannu biyu. Da yake motar tana yawan neman gyara, gareji ya zama wurin ƙulla zumunci. Bakaniken da ya yini a ƙarƙashinta yakan ƙi karɓar ko sisi, ya kai su gida wurin iyalinsa, washegari ya haɗa su da ɗan uwansa a gari na gaba.

Daga Ekwado, hanyar da kowa ke bi ita ce a miƙe arewa zuwa Kolombiya. Su sai suka juya gabas, cikin dajin Amazon. Da taimakon mutanen yankin aka haɗa wani babban jirgin katako, aka hau da motar kansa, suka bi kogin Napo. Wannan ita ce hanyar da Francisco de Orellana, ɗan Sifen, ya bi a 1541 zuwa 1542, lokacin da ya zama Baturen farko da ya bi Amazon har bakin teku. Napo ya ratsa Peru ya faɗa cikin Amazon kusa da birnin Iquitos, daga nan ruwa ya kai su Manaus a Birazil. A Manaus aka sauke motar, ta sake taka ƙasa, suka yi arewa zuwa Benezuwela, sannan Kolombiya.

Inda kwalta ta yanke

Babbar hanyar da ta haɗa nahiyar, wadda ake kira Pan-American, tsawonta ya kai kimanin kilomita 30,000 daga Alaska zuwa ƙarshen Ajantina. A wuri ɗaya tak ta yanke. Tsakanin garin Yaviza na Panama da arewa maso yammacin Kolombiya akwai kimanin kilomita 100 na kurmi da tsaunuka da fadamun kogin Atrato. Wannan shi ne dajin Darién.

An gwada ratsa shi da mota. A 1972 wata tawaga ƙarƙashin jagorancin sojan Birtaniya John Blashford-Snell ta shiga da motocin Range Rover biyu, da injiniyoyin soja, da masu sare daji, amma sai da ta kwashe kusan kwana 100 kafin ta fita. Har yau ba a shimfiɗa kwalta ba, kuma dalilan suna da yawa: tsadar gina hanya a kan fadama, tsoron kada cutar baki da kofato ta shanu ta tsallaka zuwa arewa, kare gandun daji, da haƙƙin al'ummomin Emberá da Wounaan da Guna da ke zaune a ciki.

Saboda haka duk mai mota sai ya bi ta ruwa. Yawanci daga tashar Cartagena ake lodi zuwa Colón a Panama. A rage man da ke tanki, a cire kan batir, a tura motar cikin kwantena, a ɗaure ƙafafunta da igiyoyi, jami'an kwastan su duba su buga hatimi. Kuɗin yakan haura dala 1,000, shi ya sa matafiya ke neman abokin tarayya su raba kwantena ɗaya. Ga masu rayuwa da cinikin zanen tsuntsaye, wannan kuɗi ba ƙarami ba ne. Kamar yadda suka ba da labari, mutanen tashar jiragen ruwa a Kolombiya ne suka shiga maganar, har aka samu jirgin da ya tsallakar da motar ba tare da sun biya ba.

A Kosta Rika aka buga littafinsu na farko a kan tafiyar, suka baje shi a kasuwar baje kolin littattafai ta ƙasar, ya yi kasuwa sosai. Daga wannan lokaci but ɗin motar ya zama shago. Duk inda suka tsaya, a buɗe, a jera littattafai, a ba da labari, a sa hannu. Cikakken littafin, Atrapa tu Sueño, ya fito bayan sun kai Alaska, aka fassara shi zuwa Turanci da wasu harsuna. An sayar da kwafi kimanin 100,000, kuma shi ne ya zama babbar hanyar samun kuɗinsu har ƙarshen tafiyar.

Suna kan hanya tattalin arzikin ƙasarsu ya rushe. A Disambar 2001 gwamnatin Ajantina ta taƙaita cire kuɗi daga bankuna, jama'a suka fito kan tituna suna buga tukwane, shugaban ƙasa Fernando de la Rúa ya yi murabus, darajar peso ta faɗi warwas. Ma'auratan da aka ce sun yi ganganci suna can arewa suna sayar da littafi da zane, Candelaria kuma tana ɗauke da cikin fari.

An haifi Pampa a 2002 a garin Greensboro na jihar North Carolina a Amurka. A can sun samu wani sabon dangi: ƙungiyoyin masu sha'awar tsofaffin motoci, waɗanda ke miƙa su daga hannu zuwa hannu, wannan ya ba su ɗaki, wancan ya tono musu wani ƙarfe da ya shekara aru-aru a ajiye. Da jariri a mota suka ratsa Kanada. Zangon ƙarshe shi ne hanyar Dalton, kilomita 666 da aka gina a 1974 saboda aikin bututun man Alaska, mafi yawanta tsakuwa, manyan motoci na watsa duwatsu. A 2003 suka isa Prudhoe Bay, bakin tekun Arctic. Tafiyar wata shida ta ci sama da shekara uku da rabi da kimanin kilomita 70,000.

Gida ya ƙaru

Nan ya kamata labari ya tsaya, amma zama ya gagara. Bayan sun koma Ajantina, inda aka haifi Tehue a 2005, sun yi kudu har Ushuaia, sannan suka sake komawa Arewacin Amurka. An haifi Paloma a Kanada a 2007, aka haifi auta, Wallaby, a Ostireliya a 2009.

Motar da aka ƙera don ɗan yawon iyali ta koma gidan mutum shida. Aka yanka bodinta aka ƙara mata tsawon kimanin santimita 40 domin a samu wurin ƙarin kujera. A kan rufi aka kafa tanti mai naɗewa, nan yara ke kwana, iyaye kuma a ciki bayan an shimfiɗe kujeru. Akwatin da ke bayan motar ya zama kicin, tukwane da kwanuka da kayan abinci duk a ciki. Tufafi a ƙarƙashin kujeru, kowa da ɗan gurbinsa. Zafin injin ma ba a bar shi ya tafi a banza ba, da shi ake ɗumama ruwa ko a dafa ƙwai ana cikin tafiya. A irin wannan gida, sabon abu ba ya shiga sai tsoho ya fita.

Karatun yara ya rataya a wuyan Candelaria, tana bin tsarin karatu daga nesa. Sauran darasin hanya ce ta ba su. Sun bi New Zealand da Japan da Koriya ta Kudu da Filifin, suka ratsa kudu maso gabashin Asiya, suka ga dutsen Everest da idonsu, suka gangara Indiya. Daga nan jirgin ruwa ya kai motar Afirka ta Kudu. Sun shafe shekaru suna haurawa nahiyar har Masar, sun yi rawa da mutanen karkara a Namibiya, sun shiga kabarin Fir'auna Tutankhamun, sannan suka wuce Gabas ta Tsakiya da Turai.

Ba kullum ake kwana lafiya ba. Herman ya yi fama da zazzaɓin cizon sauro. Sun ratsa Asiya ana fargabar murar tsuntsaye, suna Afirka cutar Ebola ta ɓarke a yammacin nahiyar. Ga kewar dangi, ga biki da rasuwa da ake yi ba su nan. Yaran sun saba da yin aboki yau, a yi ban kwana da shi jibi. Mata da miji kuwa suna tare dare da rana a wurin da bai fi ɗan ƙaramin ɗaki ba, babu inda mai fushi zai shiga ya rufo ƙofa, dole a sasanta kafin a isa gari na gaba.

Takardar mutum da takardar mota

A bakin kowace iyaka layi biyu matafiyi ke bi. Na farko nasa ne, wurin jami'an shige da fice. Na biyu na motarsa, wurin kwastan, kuma shi ya fi cin lokaci. Damuwar kowace gwamnati ita ce kada baƙo ya shigo da mota ya sayar ba a biya haraji ba. A ƙasashen Latin Amurka ana ba da takardar izinin shigowa ta wucin gadi, a wurare da dama ta kwana 90, kuma dole motar ta fita kafin wa'adin ya cika.

A wasu ƙasashen Asiya da Afirka abin ya fi haka tsauri. Ana neman wani littafi da ake kira carnet de passages, wanda ƙungiyoyin masu motoci ke bayarwa bayan mai mota ya ajiye jingina. Kowane shafi kashi uku ne. Ranar shiga, jami'in kwastan ya yage kashi ɗaya ya buga hatimi. Ranar fita, a yage na biyu a sake buga hatimi. Na ukun ya zauna a littafin a matsayin shaida. Idan hatimin fita ya ɓace, ƙasar na iya neman harajinta daga jinginar. Littafin shekara ɗaya yake yi, kuma a shekarun da iyalin Zapp ke kan hanya, jinginar da ake nema saboda ƙasashe irin su Indiya da Masar takan ninka darajar motar. Ga lambar injin da ta bodi da jami'i zai duƙa ya duba da tocila, ga inshorar da ake saya sabuwa a kusan kowace ƙasa.

A nan ma tsufan motar ya yi musu rana. Jami'in da ya saba ɗaure fuska yakan fito daga ofis ya zagaya ta, ya kira abokan aikinsa, a ɗauki hoto.

Sai dai akwai abin da fara'a ba ta bayarwa. Fasfon Ajantina yana shiga yawancin ƙasashen Turai da Kudancin Amurka ba biza, Herman kuma a Amurka aka haife shi. Dajin Darién ɗin da motarsu ta kewaye ta ruwa, a 2023 kaɗai mutum sama da 520,000 suka ratsa shi da ƙafa, bisa ƙididdigar hukumomin Panama. Mafi yawansu 'yan Benezuwela ne, sai 'yan Ekwado da Haiti da Sin, har da 'yan Afirka, da mata da ƙananan yara. Su ma arewa suka nufa, ta ƙasashen da ma'auratan suka bi, amma ba a tarbe su da kyamara ba. Hanya ɗaya ce, takardar da ke aljihu ce ta bambanta tarbar.

Gidaje sama da 2,000

Idan aka tambayi Herman da Candelaria abin da ya fi burge su a duniya, ba sa fara ambaton dutse ko kogi. Mutane suke ambata. A lissafinsu, iyalai sama da 2,000 ne suka sauke su a gidajensu. Cikinsu akwai masu hali, akwai waɗanda ɗaki ɗaya gare su suka bar wa baƙi gado suka kwana a ƙasa. Akwai Kiristoci da Musulmi da mabiya Buddha da Hindu, akwai waɗanda ko kalma ɗaya ba su haɗa da baƙin ba sai nuni da hannu.

Abin lura shi ne yadda gargaɗi ke tafiya gaba da su. A kowace ƙasa akwai mai ce musu su yi hattara da ƙasa ta gaba, mutanenta ba su da kirki. Su tsallaka, a karɓe su hannu bibbiyu, masu masaukin su ma su ja musu kunne game da maƙwabta. Shekara 22 suna jin wannan magana a harsuna daban-daban.

Baƙuncin kuma ba ya tafiya ta fuska ɗaya. Baƙon da ya zo da labarin Amazon da Alaska, da yara huɗu masu surutu, da motar da duk unguwa za ta fito kallo, ya kawo wa gidan abin da za a daɗe ana tunawa. Ma'auratan sun ce sau da yawa masu masauki kan buɗe musu ciki, su faɗi burin da suka binne shekara da shekaru. Amsar da sukan bayar ba ta sauya ba: a duk tafiyar, abin da ya fi ba su wuya shi ne tashi a ranar farko.

Bayan sun dawo Kudancin Amurka, annobar korona ta riske su a Birazil a 2020, ta tsayar da su can tsawon lokaci. Iyalin ya ƙaru da kare mai suna Timon da kyanwa mai suna Hakuna. Da aka buɗe iyakoki suka gangara kudu.

Ranar 13 ga Maris ɗin 2022 motar ta tsaya a gindin hasumiyar Obelisco da ke tsakiyar Buenos Aires, jama'a sun cika wurin. Kilomita 362,000 da ta ci sun yi daidai da kewaya duniya sau tara. Idan aka raba su da kwanakin tafiyar, abin da ya faɗo kowace rana bai cika kilomita 45 ba, kusan tazarar Kano zuwa Wudil. A tsawon wannan lokaci an sauya mata tayoyi sahu takwas, an yi wa injin babban gyara sau biyu. Herman ya kai shekara 53, Candelaria 51. Pampa yana da 19, Tehue 16, Paloma 14, Wallaby 12. 'Yan jarida suka tambayi abin da ya rage, Herman ya ce suna tunanin sake kewaya duniya, wannan karon a jirgin ruwa mai filafilai.